Na rataya wa tsuntsaye gero a lambu, amma tattabarun maƙwabta kaɗai ke ci. Me zan gyara?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan lambu a bayan gida a nan Zariya, wajen Samaru. Akwai gwanda, zogale, da lalle a jikin katanga. Ƙanena ya aiko mini da abin zuba wa tsuntsaye tsaba daga Ingila, doguwar gora ce ta roba mai ƙananan ƙofofi da 'yan sandunan da tsuntsu zai sauka a kai. Na cika ta da gero, na rataye a tsakiyar lambun tun farkon hunturu. Har yau babu tsuntsun da ya sauka. Abin da ya zube ƙasa kuma tattabarun maƙwabta da tururuwa ke kwashewa. Ni kuwa ƙananan nan nake so, baiwar Allah da asisi, irin waɗanda ke yawo a tsakar gidan kakarmu muna yara. Ina son 'ya'yana su san su da ido. Masu sani a taimaka.

Dattijon_Kazaure:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin a yi nisa, kin ajiye musu ruwa?

Maman_Ilham:
A'a Baba, geron ne kawai.

Dattijon_Kazaure:
To daga nan za ki fara. Da rani a ƙasarmu ƙishirwa ta fi damun tsuntsu a kan yunwa. Tsabar ciyawa tana nan zube a ƙasa tun kaka, ya san inda zai tsince ta. Ruwan ne ya ƙafe ko'ina. Ki samu kasko mai faɗi, ba mai zurfi ba, ki binne gindinsa kaɗan a inuwar lallen nan, ki zuba ruwa iya gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, ki jefa 'yan duwatsu a ciki don ƙanana su samu wurin taka ƙafa. Kasko ya fi roba domin ruwansa ba ya zafi da rana. Iyayenmu mata ba su sayi komai ba, fasasshiyar tukunya ce a gindin randa, kuma tsuntsu bai taɓa yanke musu ba.

Sani_Laminga:
Baba ya faɗi rabin maganar, bari in ƙara ɗaya rabin. Hajiya, gorar da aka aiko miki an yi ta ne don tsuntsayen can, waɗanda suka saba maƙalewa a reshe suna ci. Baiwar Allah da asisi a ƙasa suke kiwo. Ki lura da su, tsalle-tsalle suke yi a gindin shinge suna tsintar ƙananan tsaba, kuma ba sa nisa da wurin ɓuya. Ke kuma kin rataye abincin sama, a tsakiyar fili, inda shaho zai hango su daga nesa. Ko yunwa suke ji ba za su yarda ba.

Ki sauke shi. Faifai ko tire a ƙasa, ko kan bulo ɗaya, taku biyu zuwa uku daga lallen. Sannan geron ma ya yi musu ɗan girma, bakinsu ƙarami ne ƙwarai. Ki ɓarza shi ya zama tsaki. Idan za ki samu acca, ta fi komai, mu nan Filato ita muke zuba musu, don ƙwayarta ta yi daidai da tsabar ciyawar da suka saba ci.

Hauwa_KD:
Ni ma shaida ce kan ruwa. Famfon bayan kicin ɗinmu yana ɗiga kaɗan-kaɗan, wallahi wurin ya fi ko'ina tsuntsaye a gidan. Har na hana a gyara shi sai da na huda gindin wata gora na rataye ta a kan kasko tana ɗiga. Ƙarar ɗigon ce ke kiran su.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku yi haƙuri amma sai na faɗa. A wannan tsadar, magidanci na neman kwanon gero ya kasa, wasu har da ɓarza wa tsuntsu? A unguwar da kuke babu almajiri ne, ko babu maraya? Tsuntsu Allah ne ke ciyar da shi tun kafin a haife mu.

Malam_na_Soro:
Ɗan uwa, damuwarka tana kan hanya, kuma maƙwabci mai yunwa shi ne a gaba, babu jayayya. Sai dai ɗaya ba ta hana ɗaya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Tsuntsu aka fara ambata ma. Haka kuma da sahabbai suka yi tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, bayan labarin mutumin da ya shayar da kare, sai aka ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Ruwan kasko kuwa ba ya rage wa kowa tuwo.

Gaskiya_Ɗaci:
Allah gafarta Malam, ruwa na yarda. Hatsin ne dai har yanzu raina bai kwanta ba.

Inna_Mai_Surfe:
Ɗana, wa ya ce sai an auno daga buhu? Duk macen da ke surfe ko sheƙa ta san abin da ke fita: tsakin da ya bi dusa, ƙwayar da ta bi ƙaiƙayi, sharar gindin buhu, 'yar shinkafar da aka tsince. Da ma kaji ake watsa wa, wanda ba shi da kaji zubarwa yake. Tafin hannu ɗaya da safe ya ishi waɗannan 'yan mitsi-mitsin. Ni abin da zan hana ku shi ne sauran abinci mai gishiri da mai da yaji. Kada a ce za a ba su ragowar taliya ko shinkafa da miya, ba cimarsu ba ce, kuma ɓeraye za ki tara.

Bagobiri_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan in watan Afrilu da Mayu suka kama, zafi na wuce maki 40, za ka ga kurciya ƙarƙashin bedi baki buɗe, fiffike a sake, ko ka matso ba ta iya tashi. Masu shago da yawa na yanka gindin jarka su aje ruwa bakin ƙofa. Amma ni abin da na lura, gidan da babu icce ko ka aje ruwa sai su sha su wuce. Tun da manoma suka kama sassaben zamani a jihar nan, wajen shekarun 1980, suna barin tohon gawo da kalgo da magarya cikin gonaki maimakon su sare, garuruwan da suka yi haka sun fi yawan tsuntsaye nesa ba kusa ba. Gawo kuma da rani yake ganye, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, to nan suke samun inuwa. Hajiya ki ƙara shuka, shi ne mai ɗorewa.

Manomin_Fadama:
Ni fa ina karanta ku ne ina girgiza kai. Ku zo Hadeja lokacin da shinkafa ta fara nuna ku ga abin da jan baki ke yi. Tun asuba yara na gona da gwangwani da majajjawa suna ihu har magariba, makaranta ma ba a zuwa. Garke ɗaya in ya sauka, kafin ka zagayo daga wancan gefen ya gama da wannan. Har jirgin sama gwamnati ke kawowa a yi musu feshi a inda suke kwana. Mu muna kora, ku kuna kira!

Sani_Laminga:
Ranka ya daɗe, wanda bai ga jan baki a gona ba ba zai gane zafin maganarka ba, ni na gani a wajen Nguru. Masana na lissafa shi a matsayin tsuntsun daji da ya fi kowanne yawa a duniya, ana kiyasta su da kusan biliyan ɗaya da rabi, duk a Afirka. Amma abin da ke tara su a yankinku ba tafin geron cikin gari ba ne. Ruwa ne da fadama da kacalla, wadda ta cinye hanyoyin ruwan Hadeja zuwa Nguru ta zama musu wurin kwana da ɓuya. Baiwar Allah kuwa 'yar gida ce, bibbiyu ko 'yan kaɗan suke yawo, ba ta sauka a kan zangarniya. Tsabar ciyawa da gara take ci.

Inda zan goyi bayanka shi ne wanda gidansa ke bakin gonaki. Shi kam in hatsi ya fara ƙosawa ya daina zuba tsaba, ya bar ruwa kawai, domin kabare da gwara za su saba da wurin, kuma su suna taɓa amfanin gona.

Manomin_Fadama:
Kabaren ma ai ɗan uwan jan baki ne wajen ɓarna. Sun yi sheƙa a bishiyar ƙofar gidanmu, sai da suka tsige ganyen tas. To na ji, ku dai na birni ku yi abinku, amma ku tuna da mu.

Likitan_Kaji:
Bari in shigo ta ɓangaren aikina. Hajiya Maman Ilham, kina kiwon kaji a gidan? In kina yi, ko maƙwabcin da kuke katanga ɗaya yana yi, to a yi hattara. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a duk nahiyar Afirka, a watan Fabrairu na 2006, kuma tun daga lokacin takan lafa ta dawo. Ban ce asisi ne ke yawo da ita ba, an fi alaƙanta ta da tsuntsayen ruwa irin su agwagin daji da kuma safarar kaji daga kasuwa zuwa kasuwa. Amma ƙa'idarmu ita ce kada kaji da tsuntsayen waje su haɗa kwanon ci ko na sha. Ga kuma annobar da ke share kajin gida duk hunturu, wadda muke kira Newcastle, tattabaru ma suna da irin tasu. Rigakafinta na nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin sa, a nemi ma'aikacin dabbobi na kusa.

Na biyu, tsafta. Duk inda ka tara tsuntsaye wuri ɗaya ka tara kashinsu da yawunsu. A zubar da ruwan jiya kowace safiya, a cuɗe kaskon, a sake sabo. Sau ɗaya a mako a wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe ƙayau a rana kafin a mayar. Sauya ruwan kullum shi ne kuma maganin sauro, tunda ƙwansa na bukatar kamar mako guda a ruwa kafin ya zama sauro mai tashi. In kin ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya kasa tashi, ko kin tsinci matacce, ki kwashe komai na makonni, kada yara su taɓa shi da hannu.

Maman_Ilham:
Likita ba ni da kaji, amma maƙwabcina na da tattabaru da yawa, su ne ma ke cinye geron. Na gode ƙwarai, ban san abin ya kai haka ba.

Usman_Manchester:
Maganar Likita ta tuna mini da abin da ya faru a nan. Turawan Ingila ba wasa suke da ciyar da tsuntsaye ba, kusan kowane babban kanti akwai layin abincinsu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar, RSPB, tana shirya ƙidaya a ƙarshen Janairu kowace shekara tun 1979, mutum ya zauna awa ɗaya ya rubuta tsuntsayen da suka sauka a lambunsa ya aika. Na yi da yarana, sun ji daɗi sosai.

To amma daga 2005 wata cuta ta ɓulla a cikin wani ɗan koren tsuntsu mai cin tsaba. Ƙwayar cutar asalinta ta tattabaru da kurciyoyi ce, tana kama maƙogwaro, tsuntsu ya kasa haɗiya, ya dawo da tsabar da ya ɗauka da yawu a jikinta, na bayansa ya zo ya ci. A wuraren ciyarwar ta fi yaɗuwa. Tsuntsun ya ragu har a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a ƙasar. Yanzu ma an fara ja da baya daga teburan ciyarwa masu faɗi saboda a kansu yawu da kashi ke taruwa. Tunda ke da tattabaru kike fama, Hajiya, wannan ya shafe ki kai tsaye.

Wani abin mamaki, tsirya ta cika Landan, kore shar da dogon wutsiya, jinsi ɗaya da wadda muke gani a kan tsamiya a gida. Ita da kurege su ne ke wawashe abincin a can.

Sani_Laminga:
Yaya Usman, faifan da na ce a yi amfani da shi yana da sharaɗi. Su can sanyi da damshi ke raya ƙwayar cutar, ita kuwa ba ta jure bushewa. Ranar Zariya da rani tana taimakonmu. Duk da haka a zuba kaɗan, abin da zai ƙare kafin hantsi, a kaɗe faifan a shanya, kuma a riƙa sauya wurin ajiyewa.

Ɗan_Birni_04:
Don Allah in sun saba da wurin yaya zan yi in kama kanari? Ina da keji babu komai a ciki.

Hauwa_KD:
Haba ƙanena. A kira su da sunan sadaka sannan a ɗana musu tarko?

Ɗan_Birni_04:
Anti ai ba kashewa zan yi ba, zan ba shi abinci da ruwa. Na ji ma an ce ya halatta.

Malam_na_Soro:
Malamai da dama sun halatta ajiye tsuntsu in za a kula da ci da shansa, suna kafa hujja da ƙanen Anas, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Amma akwai kuma abin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu, uwar ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Kai da za ka kama babba a bakin ruwa, ka san ko tana da 'ya'ya a sheƙa suna jira? Ni shawarata ka bar shi ya yi maka kukan a kan bishiya.

Dattijon_Kazaure:
Muna yara mun yi harbi da danƙo, kurciya da hasbiya babu wadda muka bari. Amma baiwar Allah ba a taɓa ta. A cikin jinkar ɗaki take sheƙa, ta shigo har gaban tsohuwa tana tsintar tsaki, in ka ɗaga mata hannu sai ka sha faɗa. Yanzu jinka ta ƙare, ko'ina kwano da siminti, tsakar gida an malale da tayil, surfe ya koma inji. Ina za ta samu abin tsinta, ina za ta yi sheƙa? Shi ya sa jikokinmu ba su san ta ba.

Abban_Khalifa:
Baba ba ita kaɗai ba. Yaushe rabon da wani a nan ya ga ungulu a mahauta? Da a kan rufin kowace kasuwa suke jere. Ɗana ya kai aji shida bai taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Sani_Laminga:
Wannan babban rashi ne. Ungulun da muka saba gani a gari, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe na kashe su da yawa lokaci guda, ga masu kama su suna sayar da kai da ƙafa ga 'yan tsibbu. Ita kuma ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka in an kashe ba ta saurin mayarwa. Amma wannan zance ne mai zaman kansa, a buɗe masa nasa zaren.

Zainab_Tudun_Wada:
Mu dawo kan lambun Hajiya. Ba wanda ya yi maganar mage. Ni na ajiye ruwa a ƙasa kamar yadda Baba ya ce, magen gidanmu ta mayar da wurin wajen farauta, ta laɓe a bayan tukunyar fure. Na ga gashin tsuntsu a wurin, raina ya ɓaci ƙwarai. To in an ce a sa kusa da shinge, ai nan ne ma take ɓuya.

Bagobiri_Maraɗi:
Ƙayar magarya ce maganinta. Ki saro rassa ki tara su kewaye da kaskon, sako-sako. Ƙananan tsuntsaye na ratsawa ciki, su ma sun fi son haka, mussa kuwa ba ta taka ƙaya. Akuya ma ba ta kai baki.

Sani_Laminga:
Haka ne, kuma shi ya sa na ce taku biyu zuwa uku daga shinge, ba a jikinsa ba. Tazarar ta isa tsuntsu ya ga mage ta taso, kuma ta isa ya faɗa cikin ganye in shaho ya kawo hari. A tsare magen a ɗaki da sassafe, lokacin ne suka fi sauka. Wani abu kuma ga masu manyan tagogin gilashi: tsuntsu na ganin hoton bishiya a jiki ya taho da gudu ya buga. Kada a ajiye abinci yana fuskantar irin wannan taga daga 'yar tazara.

Ummu_Aisha_Gombe:
Ni gyaɗa nake daka musu, shaya da gwara suna so sosai. Akwai laifi?

Likitan_Kaji:
In mai kyau ce, wadda ke ma za ki iya ci, babu laifi, ban da mai gishiri. Matsalar ita ce mutane kan ware wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi su ce ta tsuntsaye ce. Wannan fumfunar na fitar da guba mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, kuma tsuntsu ya fi mu saurin kamuwa. Ta dalilin tsuntsaye ma aka gano ta: a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa mai fumfuna. Masara da dawar da suka sha damshi ma haka. Abin da ya ruɓe a binne shi.

Hauwa_KD:
Ba duka ne masu cin tsaba ba fa. Hajiya tana da gwanda. Ki bar ɗaya ta nuna a kan bishiya, ko ki raba biyu ki soke a reshe, ki ga yadda koji zai zo da asuba yana surutu. In akwai manyan bishiyoyi a unguwar har kulkulu kan leƙo. Furen zogalenki kuma shi ke kawo 'yan ƙananan nan masu dogon baki lanƙwasasshe, masu sheƙi, da ke shan ruwan fure. Kada ki sassabe zogalen duka lokaci guda. Sannan a rage fesa maganin ƙwari, don duk tsuntsun da kika gani, ko mai cin tsaba ne, yawanci da ƙwari yake haɗawa wajen ciyar da 'ya'yansa.

Maman_Ilham:
Jama'a ga labari. Na sauke gorar, na sa kasko a inuwar lalle da duwatsu a ciki, na samo acca a kasuwa wajen masu kayan Jos. Kurciya ce ta fara zuwa, sai gwara. Jiya da safe Ilham ta shigo da gudu tana cewa ga wani ja ga wani ja. Baiwar Allah ce, namiji ja da macen mai ruwan ƙasa. Asisi dai shiru har yanzu. Akwai kuma wani ɗan baƙi wuluk mai sheƙi, bakinsa fari, girmansu ɗaya, duk inda suka je yana biye da su. Shi kuma wane ne?

Sani_Laminga:
Masha Allah! Hajiya kin samu abin kallo. Wannan baƙin ba ya sheƙa, ba ya renon 'ya'ya. Macensa, wadda ita ba baƙa ba ce, ta fi kama da 'yar gwara, tana bin baiwar Allah har ta gano sheƙarta, ta saka ƙwanta a ciki. Baiwar Allah ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe tare da nata. Abin al'ajabin shi ne cikin bakin ɗan baƙon yana da zane da ɗigo iri ɗaya da na 'ya'yan gidan, don haka in ya buɗe baki uwar ba ta bambancewa. Ba ya kuma jefar da 'ya'yan gidan, tare suke tashi. In namiji ne, ya girma yana rera kukan baiwar Allah a cikin nasa, macen da ita ma a irin wannan sheƙar ta tashi da wannan kukan take gane mijin da za ta zaɓa. Zalaidu mai dogon wutsiya ma dangin su ne, haka yake yi wa wasu ƙananan.

Ta wannan hanyar aka gano wani sabon jinsi a nan Filato. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya bi diddigin kukan da irin wannan baƙin tsuntsu na yankin Jos ke kwaikwayo, har ya kai ga wata 'yar uwar baiwar Allah da ke zaune cikin duwatsu, aka bayyana ta ga masana a 1998. Ana ganin ta a dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Duk wanda ya zo Jos ya yi ƙoƙari ya leƙa.

Asisi zai zo. Ya fi son inda akwai ƙaya, shawarar Bagobiri za ta yi miki amfani nan. In ya zo ki duba kumatu, namijin ne mai jan ɗigo.

Gaskiya_Ɗaci:
Acca kuma? Ai ta fi geron tsada. Inna ta ce shara, ga shi an koma kasuwa.

Inna_Mai_Surfe:
A nan kam ina bayanka ɗana. Tsakin gero ya isa.

Abban_Khalifa:
Tambayata, in damina ta faɗi a ci gaba ko a tsaya? Na ji wasu na cewa in ka saba musu ka daina, za su mutu da yunwa.

Dattijon_Kazaure:
Da shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, ka ɗauke hannunka. Ƙwari sun fito, ko'ina tabki, ba sa bukatarka. Hatsi kuma in ya jiƙe tsami yake yi.

Sani_Laminga:
Baba a nan zan ɗan saɓa maka. Farkon damina shi ne lokacin da masu cin tsaba suka fi shan wuya. Ruwan farko na sa duk tsabar da ke ƙasa ta tsiro, sabuwar ciyawa kuma ba ta yi 'ya'ya ba sai bayan makonni. Wannan giɓin ne ma ke sa jan baki yin ƙaura yana bin ruwa. Don haka ni da zan zaɓa, daga bazara zuwa tsakiyar damina ne tsakin ya fi amfani, a daina in ciyawa ta fitar da kai. Sai dai a sa a ƙarƙashin rumfa kada ya jiƙe. Batun mutuwa in an daina kuwa, tsuntsun daji ba ya dogara da gida ɗaya, yana da wurare da yawa da yake zagayawa.

Dattijon_Kazaure:
Ɗana, ku kun yi karatun abin, ban musa ba. Amma na ga yadda suke rububin shinge mai fiffike da gara bayan ruwan farko, ban ga alamar yunwa ba. Ni dai a gidana da damina ba na zubawa.

Likitan_Kaji:
Ta fuskar cuta ina tare da Baba. Damshi shi ne abokin fumfuna, kuma ba kowa ne zai iya kula da rumfa da shanya faifai kullum ba.

Maman_Ilham:
To wannan sai damina ta zo na ga yadda zan iya. Yanzu damuwata tattabarun nan. Sun gano sabon wurin, suna sauka su kore kowa, su shiga cikin kaskon da ƙafa su ɓata ruwan. Ba na son rigima da maƙwabci, mutumin kirki ne. Gorar Ingila kuma in jefar ne?

Manomin_Fadama:
Samo ragar waya mai ido kamar faɗin yatsa uku, a lanƙwasa miki ita kamar akurki, ki kife a kan faifan da kaskon, ki danne da dutse. Ƙanana za su shige, tattabara ba za ta iya ba. Kurciya ma za ta tsaya a waje, sai ki ajiye mata nata ruwan can wani gefe.

Usman_Manchester:
Kada ki jefar da gorar. Ki matsar da ita jikin reshen zogale, kusa da ganye, ki zuba gero kaɗan kada ya daɗe a ciki. Gwara da kabare da kanari suna iya maƙalewa su ci, in ɗaya ya gane sauran za su bi. Tattabara kuwa sandunan sun yi mata ƙanƙanta.

Zainab_Tudun_Wada:
Malam Manomi, ragar nan za ta hana mage ma? In haka ne ni ma gobe zan je wajen masu walda.

Manomin_Fadama:
Za ta hana ta shiga, amma tana iya zura hannu. A yi ta da faɗi, kaskon ya zauna a tsakiya, nesa da gefe.